Xfce, Plasma ko GNOME: Wace Fuskar Linux Ce Ta Dace da Tsofaffin Kwamfutocinmu a Birnin Kebbi?

Tun da aka daina tura wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta a ranar 14 ga Oktoba, 2025, da wuya mako ya wuce wani bai shigo wurina da laftof a hammata ba, yana tambaya ko injinsa zai ɗauki Windows 11. Yawancinsu ba za su ɗauka ba. Windows 11 na neman guntun tsaro na TPM 2.0, da firosesa ta Intel daga zubi na takwas zuwa sama, alhali injinan da ke hannun ɗaliban Poli da na jami'ar da ke Kalgo, da na masu shagunan buga takardu, galibi na hannu ne: zubi na uku ko na huɗu, ram giga 4, faifan ajiya irin mai juyawa. Lafiyarsu ƙalau, kuma babu mai kuɗin sauya su a wannan tsadar. Shi ya sa nake ɗora wa mutane Linux, wato wani tsarin sarrafa kwamfuta da ake sawa a madadin Windows. To amma da zarar mutum ya amince, sai wata tambayar ta taso, wadda ita ce ainihin abin da zai zauna da shi kullum: wace fuska za a sa masa?

A Windows, gini da jeren ɗaki tare suke zuwa. A Linux kuwa daban-daban ne. Ginin ɗaya ne, wato cibiyar da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991, amma abin da ido ke gani, da sandar ƙasa, da jerin manhajoji, da tagogi, da wurin saiti, duk jere ne da ake iya kwashewa a sa wani. Shi nake kira fuska. Suna da yawa, sai dai uku ne mutum zai fi cin karo da su: Xfce, wadda Olivier Fourdan ya soma a 1996, KDE, wadda Matthias Ettrich ya ƙaddamar a shekarar nan ɗin, fuskarta kuma ake kira Plasma yanzu, sai GNOME ta Miguel de Icaza da Federico Mena, daga 1997.

Ina da ɗan ajin koyar da kwamfuta mai injina goma sha biyu, kuma dukkan ukun nan na zauna da su. Da farko kyau nake dubawa. Yanzu abu ɗaya nake tambayar kaina: idan ta lalace da ƙarfe takwas na safe, ɗalibai na zaune, babu data, janareta na shan mai, zan iya tayar da ita cikin minti goma? Da wannan ma'aunin zan auna su.

Xfce ce ta fi daɗewa a ajina. A Linux Mint ko Xubuntu, waɗanda nau'o'in Linux ne, aka fi samunta a shirye. Ba ta da wani ado, ba ta wasa da tagogi, kuma tana barin mafi yawan ram, wato ƙwaƙwalwar da inji ke aiki da ita, ga aikin da ka zo yi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga injin giga 4, domin mai cin ram na gaskiya shi ne burauza. Buɗe shafi shida a Firefox ka gani. Duk abin da fuska ta ci, daga rabon burauza ta ɗiba, kuma idan ram ta cika injin zai koma yana aron wuri a faifan ajiya, nan ne za ka ga fitilar faifan ta tsaya cak, maus ya daina motsi. A watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, fuskar da ba ta takura wa firosesa ita ce ke barin fankar injin ta ɗan huta.

Amma ba sauƙin nauyi ne ya sa na riƙe ta ba. Yadda take lalacewa ne. Xfce guntu-guntu ce: sanda daban, mai kula da tagogi daban, shimfiɗar allo daban. Idan ɗaya ya faɗi, sauran na tsaye. Matsalar da na fi gani ita ce bayan an ɗauke wuta injin ya mutu ba shiri, musamman manyan na tebur da ba su da batir. Sai a kunna a ga tagogi babu kan da ake kamawa a ja su, babu maɓallin rufewa. Mai kula da tagogi ne bai tashi ba. Ka danna Alt da F2 ka rubuta `xfwm4 --replace`, shi ke nan. Idan gobe ta sake dawowa haka, to ajiyar zaman da ya gabata ce ta gurɓace, sai ka fita, ka goge foldar `~/.cache/sessions`, ka sake shiga. Idan sanda ce ta daskare, `xfce4-panel -r` na tayar da ita.

Akwai ranar da wata ɗaliba ta zo mini idonta ya cika da ƙwalla, ta ce, "Malam, wallahi ban san mi na taɓa ba, injin ga komi ya ɓace." Sandar ƙasa ta cire gaba ɗaya, tana zaton ta kashe injin ne har abada, kuma za a ce ta biya. Na zaunar da ita na ce ta yi da hannunta. Ta fita daga zaman, ta danna Ctrl da Alt da F3, baƙin allo ya fito, ta sa suna da kalmar sirri, ta rubuta `mv ~/.config/xfce4 ~/.config/xfce4.tsoho`, ta koma da Ctrl da Alt da F7, ta shiga. Komai ya dawo kamar ranar da aka ɗora shi. Kusan duk saitin Xfce a wannan foldar yake, cikin fayilolin rubutu da mutum zai iya buɗewa ya karanta. Ka lura dai, sai an fita daga zaman kafin a taɓa foldar, in ba haka ba Xfce za ta sake rubuta abin da ke ƙwaƙwalwarta a kai, aikin ya zama na banza. Kuma sauya wa folda suna ya fi goge ta, domin wata rana za ka nemi wani abu a ciki.

Wani alherinta shi ne ba ta gaggawa. Siga ta 4.18 ta fito a Disambar 2022, ta 4.20 a Disambar 2024. Shekara biyu tsakani, kuma abin da ka koya wa ɗalibi bara yana nan inda yake bana. Ga mai koyarwa, wannan kwanciyar hankali ce.

Tana da rauni, ba zan ɓoye ba. A sabon laftof mai ƙaramin allo da yawan ɗigo, rubutu kan yi ƙanana sosai, kuma ƙara girmansa da rabi ba ya fita tsaf kamar a sauran biyun. Ba ta san shafar yatsu uku a kan faifan maus ba. Har yanzu a kan tsohon tsarin nuni na X11 take, goyon bayan Wayland, wato sabon tsarin nunin, da aka sa a 4.20 na gwaji ne. Matasa kuma sukan ce ta yi kama da kwamfutar zamanin da, wasu har su raina injin saboda haka.

Plasma ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Mutane na riƙe da labarin da cewa KDE nauyi gare ta, alhali Plasma ta yau ba ta yi wa Xfce nisa sosai a cin ram ba, kuma wanda ya saba da Windows zai gane ta nan take: ga maɓalli a kusurwar hagu, ga agogo a dama. Ita ce ke kan laftof ɗina na kaina. Abin da ya fi riƙe ni shi ne KDE Connect. Ka haɗa waya da laftof a kan wayafai ɗaya, ko da na wayar ne ka kunna, sai ka tura hoto ko takarda tsakaninsu ba tare da igiya ba, ba tare da fayil ɗin ya bi ta intanet ba. Ga wanda kwastomomi ke turo wa takardu ta WhatsApp a waya don ya buga musu, wannan na rage wahala ƙwarai. Ana iya ɗora shi a sauran fuskokin ma, amma a Plasma ne yake zaune a gidansa. Wajen haɗa majigi, da girman rubutu, da saita abin da injin zai yi idan batir ya yi ƙasa, nan ma ta fi Xfce.

Abu na farko da nake yi idan na ɗora Plasma a injin mai faifai mai juyawa shi ne kashe Baloo, wato mai bin fayiloli yana lissafa abin da ke cikinsu don saurin bincike. A SSD, wato faifan ajiya mai sauri da ba ya juyawa, ba ka jin sa. A tsohon faifai mai cike da takardun kwastomomi da bidiyon biki, zai iya kwana yana niƙa, mai injin ya ce Linux ba ta da sauri. Ana kashe shi a saitin binciken fayil, ko da `balooctl disable`, a Plasma 6 kuma `balooctl6 disable`. Idan fuskar ta daskare, `plasmashell --replace` na farfaɗo da ita. Idan jeren ne ya rikice, fayil guda ne ke riƙe da shi, `plasma-org.kde.plasma.desktop-appletsrc` cikin `~/.config`, sai a sauya masa suna bayan an fita.

Matsalarta a aji ita ce yawan ƙofofi. Kusan komai na Plasma ana iya sauya shi da danna dama, kuma hannun yaro ba ya zama wuri ɗaya. Wata uku na yi da ita a injina huɗu, kowace safiya sai na tarar da wani sabon abu: sanda ta koma gefe, agogo uku a allo, gajerun maɓallai sun sauya. Kuma saitinta a warwatse yake cikin fayiloli da dama a `~/.config`, haɗe da na wasu manhajoji, saboda haka mayar da komai yadda yake ba aikin layi ɗaya ba ne kamar na Xfce. Akwai hanyar kulle saiti da alamar `[$i]` a fayilolin, tana aiki, amma sai ka zauna ka koye ta. Wani abin lura kuma: Plasma 6 ta fito a Fabrairun 2024 da Wayland a matsayin zaɓin farko, amma Kubuntu 24.04 na ɗauke da 5.27 ne, Debian 13 kuma na da ta 6. Idan kana bin bayanin gyara, ka fara tabbatar da wacce ke gabanka, domin sunayen wasu umarni sun bambanta.

GNOME kuwa, wadda Ubuntu da Fedora ke zuwa da ita, tunaninta daban ne. A asalinta babu gumaka a shimfiɗar allo, babu maɓallin naɗe taga, babu sandar ƙasa mai nuna abin da ka buɗe. Ubuntu ce ke mayar da wasu daga ciki. A laftof mai ram giga 8 da SSD tana da daɗin aiki, shafar yatsu uku na tafiya sumul, kuma saitinta na masu raunin gani, da manyan haruffa da mai karanta allo na Orca, yana kusa da hannu. Ƙarancin zaɓinta ma kariya ce, yaro ba shi da abin ɓatawa da yawa. Sai dai ita ta fi nauyi cikin ukun, kuma duk wanda ya ce sai ya mai da ita kamar Windows zai dogara da ƙananan ƙare-ƙare da wasu ke rubutawa. GNOME na fitar da sabuwar siga duk wata shida, Maris da Satumba, kuma ƙare-ƙaren nan kan karye a sauyin. A siga ta 45 ma, a 2023, an sauya tsarin rubuta su, sai da aka sake gyara kowane. Idan GNOME ta ƙi tashi bayan sabuntawa, su za ka fara zargi: daga baƙin allo ka rubuta `gsettings set org.gnome.shell disable-user-extensions true`. Saitinta ba a fayilolin rubutu yake ba, a wata taska ce da ake kira dconf, kuma `dconf reset -f /org/gnome/` na share shi duka, har da abin da ba ka so ya tafi. Abin da ya fi damuna shi ne a kan Wayland ba a iya sake tayar da fuskar ita kaɗai kamar yadda ake yi a X11 da Alt da F2 da harafin r. Idan ta faɗi, takan tafi da duk abin da ka buɗe. Ga mai buga aikin kammala karatun ɗalibi mai shafi tamanin, wannan ba wasa ba ne.

Akwai wata gaɓa da masu kwatanta fuskokin nan a ƙasashen waje ba su damu da ita ba, mu kuwa ta shafe mu kai tsaye: haruffanmu masu lanƙwasa. Dukkan ukun daga rumbu ɗaya suke ɗibar tsarin kibod, kuma a ciki akwai na Hausar Najeriya, saboda haka ƙ da ɗ da ɓ na samuwa ba tare da an sauko da komai ba. Bambancin a hanyar kunnawa yake. A GNOME da Plasma, wurin saitin kibod za ka shiga ka ƙara shi, alamar harshe ta fito da kanta. A Xfce sai ka fara cire alamar bin tsarin injin, sannan ka ƙara, sannan ka ɗora ɗan gunkin sauya kibod a sanda da hannunka. Umarnin `setxkbmap -layout ng -variant hausa` na aiki a Xfce, amma kada ka dogara da shi a zaman Wayland na GNOME ko Plasma, domin can fuskar ce da kanta ke riƙe da kibod. Wanda ba ya son sauya tsari, a yawancin manhajojin GNOME da Xfce zai iya danna Ctrl da Shift da U, ya rubuta 199 don ƙ, 257 don ɗ, 253 don ɓ, ya danna Enter. Alamar naira kuma 20a6 ce. Idan harafin ya fito kamar akwati, laifin salon rubutun ne, sai ka koma DejaVu ko Noto.

Wani malamin Islamiyya daga Argungu, wanda na sa wa Hausa da Larabci da Turanci, ya kira ni da dare hankalinsa tashe, wai injin ya ƙi karɓar kalmar sirrinsa. Na ce, "Allah gafarta Malam, da wane harshe kuke rubutu kafin allon ya kulle?" Ya ce Larabci. Kibod ɗin na nan a Larabci, shi kuma ɗigo-ɗigo kawai yake gani, bai san haruffan da ke shiga ba. A GNOME da Plasma allon kulle kan nuna harshen da ake kai, a danna a sauya. A Xfce ya danganta da manhajar kulle da aka haɗa mata, shi ya sa duk mai harshe fiye da ɗaya nake koya masa gajeren maɓallin sauyawa tun ranar farko.

Laifuffuka da yawa da ake ɗora wa fuska ba nata ba ne, kuma sauya ta ba zai magance su ba. Idan ka sa kalmar sirri daidai allon ya yi baƙi ya dawo da kai wurin shiga, kafin komai ka je baƙin allo ka rubuta `df -h`. Sau da yawa faifan ne ya cika maƙil da finafinai, fuskar ta rasa inda za ta rubuta ko layi ɗaya. In ba shi ba ne, duba ko fayil ɗin `.Xauthority` ya koma mallakar babban mai iko na injin saboda an buɗe wata manhaja da `sudo`, umarnin da ke aro ikonsa. Umarnin `journalctl -b -p err` kuma na nuna kurakuran wannan tashin. Wayafai da ya ƙi aiki a tsofaffin Dell da HP galibi direban Broadcom ne, sai a haɗa waya da igiya a ba injin intanet a sauko da shi. Injin da ke mutuwa da kansa bayan hunturu, ƙura ce ta toshe fanka, hurawa yake so. Kuma idan abincinka CorelDRAW ne, babu fuskar da za ta kawo maka shi, domin ba shi da na Linux. Gara ka san wannan kafin a goge maka Windows.

Kuskuren da na taɓa yi, wanda ba na so wani ya maimaita, shi ne ɗora fuska biyu a inji ɗaya don in gwada. Na sa Plasma a kan injin da ke da GNOME, sai ga manhajar fayil biyu, wurin saiti biyu, launuka sun cakuɗe, akwatin ajiyar kalmar sirri na tambaya a kowace shiga. Cirewa ya fi sawa wuya. Hanyar gwaji mai tsafta ita ce filasha mai manhajar Ventoy: ka zuba fayilolin ɗora Linux iri uku ko huɗu a ciki, ka tayar da injin daga filashar, ka gwada kowanne ba tare da ka taɓa faifan ajiya ba. Saukowa sau ɗaya ce, a rarraba wa juna. Na Ubuntu 24.04 ya kusa giga 6, na Linux Mint kusan rabin haka. Batun data bai tsaya nan ba: a Ubuntu, Firefox na zuwa ne a ƙunshin snap, wanda ke sabunta kansa ba tare da ya tambaya ba, sai ka sa `sudo snap set system refresh.metered=hold` kuma ka nuna wa injin cewa layin intanet ɗinka na data mai awo ne. Mint ba ta zuwa da snap, kuma tana jiran ka danna kafin ta sabunta.

Wani zai ce ina Cinnamon, fuskar da Mint ta ƙirƙira a 2011? Tana tsakanin Xfce da Plasma, ta fi kowacce kama da Windows 7, kuma Ctrl da Alt da Esc na tayar da ita idan ta daskare. Ga ma'aikacin ofis mai ram giga 8 da ba ya son koyon sabon abu, ita nake sa wa. A giga 4 da tsohon katin nuni kuwa takan ja ƙafa. Injin giga 2 sai LXQt ta Lubuntu. Wanda firosesarsa 32-bit ce, Mint ta bar su tun siga ta 20, sai dai Debian 12.

A ajina, injinan goma sha biyu duk Linux Mint 22 ce da Xfce, wadda za a ci gaba da tura wa gyara har 2029. Na kunna zaman baƙo a allon shiga, ta yadda duk abin da ɗalibi ya sauya ko ya ajiye zai goge da zarar ya fita, mai son aikinsa ya zo da filasha. Na shirya sanda da kibod ɗin Hausa sau ɗaya, na kwafi foldar `xfce4` na ajiye a filashar da ke aljihuna, sabon inji in ya zo in zuba masa. Mai shagon buga takardu da shi kaɗai ke taɓa injinsa, kuma yana da SSD, Plasma nake ba shi shawara saboda wayar nan da kwastomomi ke turo wa aiki. GNOME sai ɗalibin kimiyyar kwamfuta da ke da sabon inji, wanda yawancin darussan da zai bi a Ubuntu aka yi su.

Wanda kuma ya zo da injin giga 4 mai faifai mai juyawa da 'yan kuɗi kaɗan a hannu yana tambayar wace fuska ce za ta sa shi gudu, nakan ce ya fara zuwa kasuwa ya sayo SSD ko da mai giga 128 ce, ya dawo mu yi maganar fuska.